Nazarin Lamari: Mai Sana'ar Kayan Gara da Ta Rage Kilo Goma Tana Cin Zaƙi Kullum

Asali: zuwa Satumba 2023

Matar da wannan nazari ya shafa tana da shekara 42 lokacin da abin ya fara, uwar 'ya'ya biyar, mazauniyar cikin birnin Kano. Sana'arta kayan gara: alkaki, dubulan, cincin, nakiya da gireba, wani lokaci har da tuwon madara idan masu biki sun nema. A tsakar gidanta ake aikin, da masu taya ta biyu da wata yarinya mai koyo. Buhu-buhu ake sauke mata fulawa da sukari daga kasuwar Singa, man gyaɗa kuma jarka-jarka. Hajiya kowa ke ce mata a layinsu, haka za a kira ta a nan.

A hankali ƙibar ta taru. Kowace haihuwa takan bar mata kilo biyu ko uku da ba sa tafiya, sannan kasuwa ta buɗe, ranakun suya suka ƙaru. Ba ta taɓa kallon abin a matsayin lalura ba, don a dangi yabo take sha, ana cewa hutu ya zauna mata. Gwiwa ce ta kai ta asibiti. Tasowa daga sujada ta fara yi mata wuya, kuma ko bene ɗaya ta hau sai ta tsaya ta numfasa.

Awon da aka yi mata a watan Satumba 2023 ya nuna nauyi kilo 88, tsayi mita 1.62, wato ma'aunin BMI (lissafin da ke gwada nauyin mutum da tsayinsa) 33.5, daga 30 ake lissafa mutum cikin masu ƙiba. Zagayen ƙugu santimita 104. Awon hawan jini 138 bisa 88. Sukarin jini kafin a ci komai da safe 6.2. Ciwon suga daga 7.0 yake farawa, amma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar 6.1 zuwa 6.9 a matsayin bakin ƙofa. Mahaifiyarta da ciwon suga ta yi jinya har ta rasu. Likita bai rubuta mata magani ba. Ya ce ta rage ƙiba, ta bar kayan zaƙi, ta dawo bayan wata uku.

Yunƙuri na farko: haramta wa kai zaƙi, Oktoba zuwa Nuwamba 2023

Ta ɗauki maganar likita da zafi. Daga farkon Oktoba ta daina sa sukari a shayi, ta bar lemon kwalba, ta yi alkawarin ko ɓurɓushin cincin ba zai shiga bakinta ba. Ta kuma sayi wani shayin rage tumbi da ta ga ana talla a Instagram, tana sha safe da dare.

Cikin mako biyu sikeli ya nuna kilo 85. Akasarin abin da ya tafi ruwa ne. Yawancin irin waɗannan shayi suna ɗauke da filasko ko danginsa, aikinsu sa gudawa, ba sa taɓa kitse. Sannan idan mutum ya yanke sukari da abinci mai sitaci farat ɗaya, jiki yakan cinye sukarin da ya adana a hanta da tsoka, kuma kowane giram na wannan ajiya yana riƙe da ruwa kimanin giram uku, tare suke fita.

A mako na uku aka kawo mata aikin garar amare biyu a lokaci guda. Tana tsaye kan kasko tun bayan asuba, ba ta karya ba, sai wani dubulan ya karye a hannunta wajen tsoma shi a ruwan sukari, ta jefa a baki. Yadda ta ba ni labari daga baya, da na fara ba ta shawara kan abinci: "Malama, da na ga na riga na karya alkawarin, sai na ce to yau dai ta ɓaci, bari in ci in ƙoshi, gobe a sake sabon lale." Ta ci har cikinta ya yi ciwo. Goben ba ta zo ba sai bayan kwana huɗu, ta sake haramtawa, ta sake karyewa. Sau uku aka yi wannan zagaye kafin ƙarshen Nuwamba, nauyinta ya koma 89.

Masana halayyar cin abinci sun daɗe da sanin wannan. A 1975 Peter Herman da Deborah Mack sun gwada shi a Amurka da ɗalibai mata: aka fara ba wasu kaɗaɗɗiyar madara mai sukari, sannan aka ajiye wa kowa askirim aka ce ya ɗanɗana. Waɗanda ba sa takura wa kansu a kan abinci, da suka sha madarar sai suka ci askirim kaɗan, don sun ƙoshi. Masu takura wa kansu kuwa, shan madarar ne ya sa suka ƙara cin askirim ɗin fiye da in ba su sha ba.

Yunƙuri na biyu: zuma da dabino, Disamba 2023

Wata ƙawarta ta ce mata farin sukari ne guba, abin da Allah ya halitta da zaƙinsa ba ya sa ƙiba. Sai ta koma sa zuma a shayi, babban cokali biyu a kofi. Ta ajiye dabino a gefen gado tana tsinta. A madadin lemon kwalba ta koma lemon kwali, tana ganin ai 'ya'yan itace ne.

An gudu ba a tsira ba. Babban cokali na zuma yana da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wanda rararsa ke zama kitse) kimanin 64, na sukari kuma kimanin 48. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, zuma da matsattsen ruwan 'ya'yan itace suna aji ɗaya da sukarin da ake zubawa a abinci. Lemon kwali da lemon kwalba kusan kunnen doki suke yi, sukari wajen giram 10 a kowace mililita 100. Dabino yana da amfaninsa, amma ƙwaya goma sha biyu a yini sun haura kalori 250.

Da ta koma asibiti a farkon Janairu 2024, nauyi ya kai 89.5, sukarin jini 6.3. Daga nan aka turo ta sashenmu na ba da shawara kan abinci.

Mako guda na rubutu da awo: Janairu 2024

Maganarta ta farko ita ce ba ta cin abinci. Tuwo malmala ɗaya, shinkafa rabin faranti, wani lokaci ko karin kumallo ba ta yi. Gaskiya ta faɗa, iyakar abin da take kira abinci ke nan. Wani bincike da aka buga a 1992 a mujallar likitoci ta New England ya auna mutanen da suka ce suna cin ƙasa da kalori 1,200 amma ba sa raguwa, ya tarar sun rage kusan kashi 47 cikin ɗari na abin da suke ci wajen ba da rahoto, ba da niyyar ƙarya ba.

Ban canza mata komai ba a makon farko. Na roƙi a rubuta duk abin da ya wuce maƙogwaronta, da lokaci, da nauyinsa. 'Yarta ta biyu, da ke aji biyar na sakandare, ita ta riƙe littafin, kuma ba ta ɗaga wa uwar ƙafa ba. "Umma, wannan na hannunki fa, a ɗora a sikeli tukuna."

Sana'arta ta sauƙaƙa aikin ta hanyar da ban saba samu ba. Tana da sikelin awon fulawa, kuma ta san abin da ke shiga kowane kwaɓi. Sai muka lissafa cincin ɗinta daga tushe. Fulawa kilo ɗaya, kalori kimanin 3,640. Sukari giram 250, kalori 1,000. Bota giram 200, kimanin 1,450. Ƙwai biyu, 150. Mai kuma muka auna shi kafin suya da bayan suya: mililita 300 suka shige cikin cincin, wato kalori wajen 2,480. Jimilla 8,700 da ɗoriya, a cincin kilo ɗaya da giram 800. Kowane giram 100 ke nan yana da kusan 480. Abin da tafin hannunta ke ɗiba giram 30 ne, kalori 145.

Ta daɗe tana kallon takardar. Sukarin da take ta tsoro kashi 11 ne kacal cikin ɗari na kalorin cincin. Mai da bota su ne kashi 45. Dalili a fili yake: giram ɗaya na sukari kalori 4 ne, na mai 9.

Littafin ya nuna rana iri biyu. Ranar da ba suya, tana cin kimanin kalori 2,100. A ciki shayi biyu da zuma da madarar gwangwani sun kwashe kusan 400, dabino 250, lemon kwali kofi biyu wajen 200. Ranar suya kuwa, kwana uku a mako, tana kaiwa 2,800. Ƙarin 700 ɗin duk ɗanɗane ne a tsaye: na kaskon farko don a ji gishiri, wanda ya karye don kada ya lalace, wanda ya yi ja da yawa ba za a sa wa amarya ba, wanda yarinya ta miƙo a duba ko ya soyu. Ko ɗaya ba ta tuna ta ci ba. Matsakaicin mako ya tsaya a 2,400. Da lissafin Mifflin da St Jeor na 1990, wanda ke haɗa nauyi da tsayi da shekaru, aka ƙara yawan motsinta, jikinta yana buƙatar kusan 2,300 don ya tsaya inda yake.

Tsarin rabon zaƙi: 1 ga Fabrairu zuwa 10 ga Maris 2024

An tsayar da kalori 1,750 a rana, giɓin da ya ɗan haura 500. Kilo ɗaya na kitsen jiki ana ƙiyasta shi da kalori 7,700, don haka abin da ake sa rai rabin kilo ne a mako.

Da kuɗin cefane na kwatanta mata, don shi ta fi sani: abin da maigida ya bayar shi ke nan, sai dai a tsara inda kowace naira za ta. Karin kumallo 400, dafaffen ƙwai biyu da yankan burodi biyu da shayi mai ƙaramin cokali ɗaya na sukari, ko koko da ƙosai uku. Abincin rana 600, galibi shinkafa da wake da babban cokali ɗaya na mai, da salak da kifi, ko dambu mai zogale da yawa. Na dare 500, ƙaramar malmala da miyar kuka ko kuɓewa ko taushe. Lemo ko gwanda ko kankana, 100. Ragowar 150 na zaƙi ne, kullum, abin da ranta ya so.

Ta yi shakka. "Malama, likita fa cewa ya yi in bari." Na nuna mata iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa: sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin yini, in an iya sauko da shi ƙasa da kashi 5 ya fi. A 1,750, kashi 10 giram 44 ne. Shayinta biyu giram 8. Cincin giram 30 yana da sukari wajen giram 4 kawai. Ko ranar da ta zaɓi tuwon madara, wanda ya fi kowanne sukari, ba ta kusa da iyakar. An sanar da likitan, ya amince da sharaɗin a sake awon jini.

Ga yadda abin ke tafiya. Da safe, kafin a hura wuta, takan auna rabonta ta ƙulle a leda: cincin giram 30, ko ƙaramin alkaki ɗaya da ta fara murzawa musamman don kanta, ko nakiya gwargwadon haka. Bayan abincin rana take ci, a zaune, a ɗan faranti. An zaɓi wannan lokaci don cikin da ya ƙoshi ba ya neman ƙari, kuma don haƙori. Gwajin da aka yi a asibitin masu taɓin hankali na Vipeholm a Suwidin, daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon na 1950, wanda a yau ba wanda zai yarda a yi irinsa a kan mutane, ya nuna alewa mai danƙo tsakanin abinci ta fi ruɓar da haƙori nesa ba kusa ba a kan sukarin da aka ci tare da abinci.

Ɗanɗane ya zama dole a sana'arta, don haka ba a hana ba. Ƙwaya ɗaya daga kaskon farko, ana cire ta daga rabon ranar. Sauran dubawa ya koma hannun babbar mai taya ta. Duk wanda ya karye ana jefa shi cikin bokiti mai murfi, na yaran maƙwabta da almajirai. Ba ta hawa kan kasko sai ta karya. Abin sha mai zaƙi kuwa, na kwalba da na kwali da zoɓon gida, an ajiye su gaba ɗaya, don kwalba ɗaya ta rabin lita ta haura rabon yini, kuma ba ta ƙosar da kowa. Gwamnatin Najeriya ta sa harajin naira 10 a kowace lita ta lemo mai sukari a dokar kuɗi ta 2021, amma jarkar zoɓon da ake jiƙawa a gida, mai sukari gwangwani biyu, ba ta san da zaman wannan haraji ba.

Wata dabara ta kanta ta ci tura a mako na biyu. Ta ce za ta riƙa tara rabonta daga Lahadi zuwa Alhamis ta cinye ranar Juma'a, ai lissafi ɗaya ne. A takarda haka ne, 150 sau biyar 750 ne. A aikace kwanakin haƙurin suka dawo mata da kwaɗayin watan Oktoba, ranar Juma'a littafin ya nuna 1,200 da wani abu, Asabar ma ta taɓa. Aka dawo kan na kullum, ba tari, ba bashi.

Ranar 10 ga Maris nauyinta 86.6.

Azumi da ƙaramar sallah: 11 ga Maris zuwa ƙarshen Afrilu 2024

Goman farko nauyi ya hau zuwa 87.1. Mutane da yawa suna mamakin wannan, amma duk wanda ya san teburin buɗa-baki a Kano ba zai yi ba: dabino, kunun gyaɗa mai sukari, ƙosai, soyayyen dankali da ƙwai, zoɓo mai sanyi, sannan tuwo bayan asham. Ta kuma ɗauka tunda ta wuni ba ci, rabon zaƙi ya ninka.

Gyaran bai yi wuya ba. Rabon 150 ya koma dabino uku da rabin kofin kunu mai ƙaramin cokali ɗaya na sukari. Ruwa da farko, sai sallar magariba, sannan a zauna a ci. Abin suya iri ɗaya kawai a dare, in ƙosai ne ba dankali. Sahur kuma wake ko ƙwai ko nono marar sukari, don kada yunwar la'asar ta rinjaye ta.

Goman ƙarshe su ne lokacin da ta fi kowane aiki a shekara, cincin ɗin sallah bokiti-bokiti. A da nan take ƙara kilo biyu, don da dare suke suya, baki a buɗe. A bana ta mayar da aikin safe zuwa azahar. Zafin wuta da ƙishirwa sun wahalar da ita, amma mai azumi ba ya jefa komai a baki. A ranar 9 ga Afrilu sikeli ya nuna 85.0.

An yi sallah ranar Laraba 10 ga Afrilu. Tun kafin lokacin muka amince kwana biyu ba awo ba rubutu. Ranar Asabar ta hau sikeli ta ga 86.5, ta kira ni muryarta na rawa, wai aikin wata guda ya tafi a kwana uku. Kilo ɗaya da rabi na kitse yana buƙatar rarar kalori sama da 11,000, abin da ba ta ci ba. Gishiri ne da shinkafa da ruwan da suka riƙe. Ta koma tsarinta ranar Lahadi ba tare da ta rama da yunwa ba. Ranar 24 ga Afrilu, 84.9.

Tsayawar sikeli: Yuni zuwa farkon Yuli 2024

Ƙarshen Mayu ta kai 82.5, daga nan sikeli ya ƙi motsi har mako biyar.

Lokacin ne kuma surutun mutane ya yi yawa. A gidan suna wata gwaggonta ta ja ta gefe: "Ke lafiya kuwa? Ko Alhaji ne zai ƙara aure?" Shi kansa maigidan cewa ya yi shi bai ce ta rame ba. A wurinmu mace ta faɗa alamar matsala ce, mai sayar da alkaki ta faɗa kuwa har kasuwa ana iya ɗora wa zargi. Ta yarda wannan ya sanyaya mata gwiwa.

Aka dawo da littafi na mako guda. Tun tsakiyar Mayu ta daina ɗora rabonta a sikeli, tana cewa hannunta ya riga ya san giram 30. Da aka auna abin da hannun ya sani, giram 50 ne, kalori 240. Cokalin mai a shinkafa ya zama biyu, ƙarin 120. Malmala ta girma. Bayan babbar sallah ta 16 ga Yuni kuma ga soyayyen naman layya a cikin roba, ana wucewa ana ɗauka, wajen 200 a yini. A ɗaya gefen, jiki mai kilo 82 ba ya ƙona abin da mai kilo 89 ke ƙonawa. Buƙatarta ta sauko zuwa kimanin 2,180. Giɓin ya rufe ba tare da wani babban laifi ɗaya da za a nuna ba.

Ba a taɓa rabon zaƙi ba, sikelin awon rabon kawai aka dawo da shi. Naman layya ya shiga lissafin abincin rana, yanka uku a madadin kifi. Tunda gwiwa ta yi sauƙi, aka ƙara tafiya: minti 30 bayan asuba, kwana biyar a mako, ita da wata maƙwabciya. Ga mai nauyinta, wannan tafiya tana ƙona kusan abin da ke cikin ledar cincin ɗin.

Sakamako: Satumba 2024 da Janairu 2025

A ƙarshen Satumba 2024, shekara guda bayan awon farko: nauyi kilo 78, BMI 29.7, ƙugu santimita 94, jini 128 bisa 82, sukarin jini 5.5. Daga 89.5 na Janairu ta sauke kilo 11.5, kusan kashi 13 cikin ɗari na nauyinta, a wata takwas. Tana sallah a tsaye ba tare da dafa bango ba. Bisa ma'auni har yanzu tana cikin masu nauyi fiye da kima, da ɗan kaɗan ta fita daga ajin ƙiba.

An ɗaga abincinta zuwa kimanin 2,000 don ta tsaya nan. A Disamba, lokacin bukukuwa, sikelin rabo ya sake komawa aikin fulawa kawai. Awon Janairu 2025 ya nuna 79.5, sukarin jini 5.7.

Hukunci

Abin da ya sauke nauyin giɓin kalori ne, kuma kusan duk giɓin daga wuri biyu ya fito: abin sha mai zaƙi, da ɗanɗanen da ba ta san tana yi ba. Da an cire waɗannan biyun tun Oktoba 2023, da an tsallake wata uku na wahala. Ledar cincin ba ta ƙona mata ko giram ɗaya na kitse ba. Aikinta shi ne ta hana "yau dai ta ɓaci". Wanda ya san gobe ma zai samu ba ya cinye na mako a zama ɗaya, kuma mace da ke wuni kan kaskon dubulan ba za ta rayu da dokar haramci ba. A ganina shawarar "ki bar zaƙi" daidai ce a ilimi, amma ba a tambayi sana'ar wadda ake ba shawarar ba.

Masu son nuna cewa kalori ne komai sukan kawo labarin Mark Haub, malamin ilimin abinci a Jami'ar Jihar Kansas, wanda a 2010 ya yi mako goma yana rayuwa galibi a kan kek da biskit na kanti, ƙasa da kalori 1,800 a rana, ya rage wajen kilo 12. Labarin gaskiya ne, amma mutum ɗaya ne, mako goma ne, kuma yana haɗawa da ƙwayar bitamin da abin sha mai furotin da ɗan ganye. Lamarin Hajiya bai goyi bayan wannan hanya ba. Kalori 1,600 cikin 1,750 nata wake ne da ƙwai da kifi da ganye da tuwo, su suka riƙe mata ciki har 150 ɗin ya ishe ta.

Saukar sukarin jininta ta yi daidai da abin da babban gwajin rigakafin ciwon suga na Amurka ya samu a 2002: cikin mutum 3,234 da ke bakin ƙofa, waɗanda aka sa wa burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyi da motsa jiki na minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin ɗari. Amma 5.7 ba nisa ba ne da inda ta taso, ga kuma gado. Wanda ciwon ya riga ya kama, musamman mai shan magani ko allurar insulin, ba zai ɗauki wannan tsari ya yanka wa kansa rabo ba. Likitansa ne zai yanka.

Raunin tsarin a sikelin awon rabo yake. Sau biyu ta ajiye shi, a Mayu da Disamba, sau biyun nauyi ya tsaya ko ya hau. Ba a kai ga nuna cewa za ta iya riƙe kilo 78 da ido kawai ba, don haka a ganawar Janairu aka saya mata ƙaramin sikeli na biyu da zai zauna a ɗaki, daban da na fulawa, aka kuma sa a riƙa awon sukarin jini duk bayan wata shida.